Pearl Buck: Uwar Da Ta Rufe Littafi Domin Farin Cikin 'Yarta

Yau za mu tsallaka teku ne mu ɗauko tarihin wata baiwar Allah 'yar Amurka mai suna Pearl Buck, marubuciyar da duniya ta san da zamanta. Na san wata za ta ce, to Malama, matan Sahabbai sun ƙare ne da za a kawo mana tarihin Baturiya, kuma ma ba Musulma ba? Ba su ƙare ba 'yar uwa, kuma su ne madubinmu har gobe. Amma ilimi mai amfani duk inda mumini ya tsince shi ɗauka yake yi, ya auna shi da ma'aunin addininsa, ya riƙe mai kyau ya watsar da saura.

Dalilin zaɓo wannan mata shi ne jarrabawar da Allah Ya yi mata, irin wadda take cikin gidajenmu da yawa amma ake rufe ta da labule. Ta haifi 'ya wadda jikinta ya girma amma ƙwaƙwalwarta ta tsaya a ƙuruciya. Idan ke ce kike da yaron da ya wuce shekara uku bai fara magana ba, ko mai lalurar galahanga wadda likitoci ke kira otizim, ko kuma 'yar uwarki ce ko kishiyarki ko maƙwabciyarki, to ki gyara zama, wannan labarin naki ne.

Haihuwarta da tasowarta

An haifi Pearl ranar 26 ga watan Yuni, 1892, a wani ƙaramin gari mai suna Hillsboro a jihar West Virginia ta Amurka. Iyayenta 'yan mishan ne masu yaɗa addinin Kirista a ƙasar Sin, don haka tana 'yar watanni aka tafi da ita can. A garin Zhenjiang da ke bakin kogin Yangtze ta tashi, ta iya harshen Sinanci tun tana ƙarama kamar yadda ta iya Turanci, domin wata dattijuwa Basiniya ce ta yi renonta, tana ba ta tatsuniyoyin mutanen ƙasar. Gidansu ya san zafin rashin 'ya'ya, saboda cikin yara bakwai da mahaifiyarta ta haifa, uku ne kawai suka rayu har suka girma.

Ta koma Amurka ta yi karatu a kwalejin mata ta Randolph-Macon, ta kammala a 1914, sannan ta dawo ƙasar Sin domin jinyar mahaifiyarta. A 1917 ta auri John Lossing Buck, masanin tattalin arzikin noma. Sun fara zama a wani gari na karkara a lardin Anhui, inda ta shiga cikin talakawa manoma, ta ga yadda suke fama da fari da ambaliya da yunwa. Abin da idonta ya gani a wannan zaman shi ne daga baya ya zama jarin rubutunta.

Zuwan Carol

A watan Maris na 1920 ta haifi 'yarta Carol a birnin Nanjing, inda ita da mijinta suke koyarwa a jami'a. Jaririya ce kyakkyawa, mai farin gashi da shuɗin ido, kowa ya gani sai ya yaba. Ba a jima da haihuwar ba likitoci suka gano wani ƙari a mahaifarta, aka yi mata aiki aka cire mahaifar gaba ɗaya. Kin ga ke nan tana 'yar shekara 28 aka rufe mata ƙofar haihuwa, Carol ce ta fari, ita ce kuma auta.

Sannu a hankali abubuwa suka fara bayyana. Yarinya ta yi jinkirin tafiya, ta kai shekara uku babu magana, ba ta iya zama wuri ɗaya, hankalinta ba ya tsayawa kan abu. Idan uwar ta nuna damuwa sai ƙawaye su kwantar mata da hankali, su ce ai yara sun bambanta, wani da wuri yake magana wani kuma sai ya makara. Wannan magana kin san ta, domin mu ma ita muke faɗa wa juna a gidan suna da gidan biki, mu ce nauyin baki ne, ai babansa ma haka ya yi. Wani lokacin gaskiya ne, amma sau da yawa tsoron faɗin abin da ido ke gani ne. Ita kanta Pearl ta bayyana daga baya cewa ita ce kusan ta ƙarshe da ta yarda akwai matsala, domin zuciyar uwa ba ta son ganin abin da zai karya ta.

Yawon asibitoci

A 1924 suka tafi Amurka, ta yi karatun digiri na biyu a jami'ar Cornell, kuma ta shiga yawo da Carol daga wannan likita zuwa wancan. Kowanne zai duba, ya ce akwai matsala amma bai san musabbabinta ba, sannan ya bar ta da ɗan guntun fata wanda zai sa ta nufi wani asibitin. Kuɗi na ƙarewa, jiki na gajiya, yarinya na shan wahalar gwaje-gwaje.

Ƙarshen yawon shi ne babban asibitin Mayo da ke jihar Minnesota. Bayan an gama duk binciken da za a yi, babban likitan yara ya yi mata magana mai laushi irin wadda ta saba ji. Tana fitowa sai wani likita Bajamushe, wanda Turancinsa ma bai nuna ba, ya kira ta gefe ya faɗa mata gaskiya tsirararta. Ya sanar da ita cewa yarinyar ba za ta taɓa zama kamar sauran yara ba, hankalinta ba zai wuce na 'yar shekara huɗu ba ko kusa da haka, kuma kada ta ƙarar da rayuwarta da dukiyarta wajen neman maganin da babu shi, ta nema wa yarinyar inda za ta zauna cikin farin ciki. Maganar ta soke ta kamar mashi, amma har ƙarshen rayuwarta tana gode wa wannan mutum, domin shi ne ya yanke mata wahalar bin inuwa.

'Yar uwa, a nan akwai abin lura. Karɓar gaskiya daban, yanke ƙauna daga rahamar Allah daban. Uwar da ta yarda cewa ɗanta yana da lalura ba ta daina addu'a ba, ta dai daina yaƙi da ƙaddara ne, ta fara tambayar kanta abin da zai amfani yaron a yadda yake.

A 1925 suka ɗauki wata jaririya riƙo mai suna Janice, suka koma Nanjing. A watan Maris na 1927 rikici ya ɓarke a birnin, sojoji suka shiga farautar Turawa, aka kashe wasu. Wata matalauciya Basiniya da Pearl ta taɓa taimaka wa ita ce ta ɓoye su a 'yar bukkarta, ita da yaranta da danginta, har aka samu aka fitar da su. Alheri danƙo ne. An wawashe gidansu, littafin farko da ta rubuta da hannu ya salwanta, suka yi gudun hijira zuwa Japan. Wannan tashin hankali ya dasa mata wata tambaya da ba ta bar ta ta yi barci ba: idan na mutu yau, wa zai riƙe Carol?

Ranar da ta rufe littattafai

Duk da abin da likita ya faɗa mata, zuciyar uwa ba ta saduda ba. Pearl malama ce, 'yar boko, mai son karatu, don haka ta ƙudura cewa sai ta gwada iya ƙoƙarinta ta ga iyakar abin da yarinyar za ta iya koya. Ta ajiye sauran harkokinta ta zauna da ita kullum, ana bitar haruffa, ana koyon launuka, ana riƙe fensir. Kuma an ga ɗan ci gaba, domin Carol ta iya rubuta sunanta, tana karanta gajerun jimloli da ƙyar, tana rera 'yan waƙoƙi masu sauƙi.

Wata rana suna cikin darasi sai uwar ta kama hannun yarinyar domin ta taya ta rubuta wata kalma. Sai ta ji hannun sharkaf da gumi. Ta buɗe tafukan biyu ta duba, duk a jiƙe. A nan ne ta gane abin da ke faruwa. Yarinyar ba ta fahimtar abin da ake koya mata, tana cikin matsananciyar takura, tana daurewa ne kawai domin ta faranta wa mahaifiyarta rai. Ba kuka take yi ba, ba gardama take yi ba, amma jikinta yana faɗin abin da bakinta ya kasa faɗa.

Pearl ta tambayi kanta, wannan karatun don wa ake yin sa? Ko yarinyar ta iya haɗa haruffa, ba za ta taɓa jin daɗin littafi ba, ko ta iya rubuta sunanta ba za ta isar da saƙo da rubutu ba. Ta ga cewa burinta ne na uwa take ɗora wa 'yar da ba za ta iya ɗauka ba. Sai ta tashi ta tattara littattafan ta ajiye, ta sallami yarinyar ta tafi wasa. Daga ranar ta yanke cewa farin cikin Carol shi ne ma'auni, duk abin da za a koya mata sai wanda zai amfane ta kuma zuciyarta ta karɓa.

Da ta sauke wannan nauyi sai ta fara ganin abin da yarinyar take da shi, maimakon abin da ta rasa. Carol tana da kunnen sauraron sauti, takan zauna tsawon lokaci shiru tana sauraron faifan da take so, ta san kowanne da inda yake. Tana son wasa a fili, tana da tsabtar zuciya, ba ta san ƙarya ko ƙulli ba. Waɗannan duk suna nan tun da, amma hayaniyar sai ta koya, sai ta iya, ita ta rufe su.

Rabuwa mai ɗaci

Carol na girma, sa'o'inta suka wuce ta, suka daina zuwa wasa da ita. Pearl ta yaba wa Sinawan da ta zauna cikinsu, domin a wurinsu yaro mai naƙasa ɗan gida ne kamar kowa, ana kiran lalurarsa da sunanta ba tare da kunya ba, dangi su haɗu su riƙe shi. A wajen 'yan uwanta Turawa ne ta fi gamuwa da kallon banza da baƙar magana. Amma ƙasar Sin tana cikin yaƙi, ita kuma ba ta da dangi masu yawa da za su karɓi yarinyar bayan ranta, kuma masu rubuta tarihinta sun nuna cewa nauyin kusan duk a kanta yake, maigidan ya dulmuya cikin bincikensa na noma.

A 1929 ta kai Carol Amurka ta shiga zagayen makarantun kwana na irin waɗannan yara. Ta ga masu gine-gine na alfarma inda yara ke zaune jugum babu mai kula su, ta ga inda ake tara su kamar kaya. Daga nan ta koyi cewa ba gini ake dubawa ba, shugaban wurin ake dubawa da fuskokin yaran. A ƙarshe ta zaɓi makarantar Vineland da ke jihar New Jersey, saboda ta ga yara suna rugowa suna rungumar shugaban, Edward Johnstone, wanda ƙa'idarsa ita ce a fara sama wa yaro farin ciki kafin a nemi ya koyi wani abu. Ta ranci dala 2,000 ta biya kuɗin shekara biyu. Carol tana da shekara tara. Ranar rabuwa yarinyar ta ƙanƙame wuyan uwarta, da ƙyar aka ɓamɓare ta, kuma sai bayan shekara uku suka sake ganin juna.

A nan sai mu yi adalci. Wancan zamani ne da ba a cika samun makarantun jeka-ka-dawo na irin waɗannan yara ko masu koyar da magana ba, kuma shawarar da likitoci ke bayarwa ke nan. Yau masana sun koma kan cewa yaro ya fi samun ci gaba a cikin danginsa, tare da taimakon makaranta da asibiti, kuma ƙasashe da dama sun rufe manyan gidajen da ake tara su. Mu da Allah Ya ba mu zumunci, ga kaka ga gwaggo ga inna, muna da abin da Pearl ta nema ta rasa. Ita kanta wannan rabuwa ta zame mata miki har ta mutu.

Rubutu da ɗaukaka

Ta koma Nanjing da bashi a wuya da kewar 'ya a zuciya. Ta hau wani ɗaki a saman gidanta ta duƙufa rubutu, kuma ba ta ɓoye ba cewa neman kuɗin kula da Carol ne ya zaunar da ita. Cikin kimanin wata uku ta gama littafin The Good Earth, wato ƙasa mai albarka, labarin wani manomi Basine da matarsa. Ya fito a 1931, ya fi kowane littafin labari kasuwa a Amurka shekara biyu a jere, ya ci kyautar Pulitzer a 1932, aka mai da shi fim a 1937. A cikin labarin manomin yana da 'ya wadda ba ta taɓa magana ba, wadda yake tausayi fiye da sauran 'ya'yansa, kullum tunaninsa wa zai kula da ita bayan ya mutu. Masu karatu a lokacin ba su san cewa marubuciyar ciwon da ke ranta ta zuba a takarda ba.

Da kuɗi suka shigo ta ba makarantar Vineland dala 40,000 domin a riƙe Carol har ƙarshen rayuwarta, ta kuma gina gida a cikin makarantar inda 'yarta za ta zauna tare da wasu 'yan mata. A 1934 ta baro ƙasar Sin gaba ɗaya. Aurenta na fari ya mutu a 1935, ta auri Richard Walsh mai kamfanin da ke buga littattafanta, suka zauna a wata gona a jihar Pennsylvania, inda take iya zuwa duba Carol a kai a kai. A 1938 aka ba ta kyautar Nobel ta adabi, ita ce mace ta farko 'yar Amurka da ta samu. Ta rubuta littattafai sama da 70. A 1949 ta kafa gidan Welcome House domin sama wa yara ruwa biyu, waɗanda kowa ke gudu, iyayen riƙo, a 1964 kuma ta kafa gidauniya don yaran da sojojin Amurka suka haifa suka bari a ƙasashen Asiya.

Fasa ƙwai

Duk wannan suna da ta yi, shekara ashirin tana ɓoye labarin Carol, 'yan jarida ba su san komai a kai ba. A wancan lokaci haihuwar irin wannan yaro abin kunya ne a Amurka, ana ganin alamar gurɓataccen jini ce a dangi. Sai a 1950, Carol na da shekara 30, ta rubuta labarin a wata mujallar mata mai suna Ladies' Home Journal, aka kuma buga shi a ɗan ƙaramin littafi mai suna The Child Who Never Grew, ma'ana yarinyar da ba ta girma ba. Wasiƙu suka yi ta zuwa daga iyaye waɗanda kowannensu ya ɗauka shi kaɗai ne. A shekarar ne kuma iyayen irin waɗannan yara suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa baki ɗaya a Amurka, wasu sanannun mutane su ma suka fara fitowa suna faɗin nasu. Abin da ta nanata a littafin shi ne cewa yaron nan mutum ne, yana da haƙƙin rayuwa da farin ciki, kuma uwa ta ɗaga kanta, ba ta yi abin kunya ba.

Mece ce ainihin lalurar?

Sai da Carol ta zama babbar mace sannan aka gano abin da ke damunta, wata cuta ce ta gado da ake taƙaita sunanta da PKU. A cikin abinci mai gina jiki kamar nama da madara da ƙwai da wake akwai wani sinadari da hanta ke sarrafawa. Mai wannan cuta hantarsa ba ta iya sarrafa shi, sai ya taru a jini ya lalata ƙwaƙwalwar jariri a hankali. Gadonta kamar na sikila yake, sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu. Wani likita ɗan ƙasar Norway, Asbjorn Folling, shi ya gano ta a 1934, bayan wata uwa mai yara biyu ta nace cewa tana jin wani wari na daban a fitsarinsu. A farkon shekarun 1950 aka gano a Ingila cewa abinci na musamman yana hana ɓarnar, a farkon shekarun 1960 kuma Robert Guthrie ya ƙirƙiro gwajin ɗigon jini daga diddigen jariri. Yau a ƙasashe da yawa ana yi wa kowane jariri wannan gwaji, wanda aka gano da wuri yana tashi da hankalinsa lafiya lau.

Kin ga ashe ba laifin uwa ba ne, ba reno ba ne, ba wani abu da ta ci ko ta aikata ba. Haka ma galahanga. Bayan likita Leo Kanner ya bayyana ta a 1943, an shafe shekaru ana zargin iyaye mata da cewa rashin nuna ƙaunarsu ne ke jawo ta, kafin bincike ya rushe wannan zargi ya nuna cewa yanayin ginin ƙwaƙwalwa ne, kuma gado yana da babban kaso a ciki. Mu a nan sai a ce ɗan ruwa ne, ko aljanu sun musanya shi, ko uwar ta fita da tsakar rana da ciki, ko kishiya ce ta yi asiri. Gidaje nawa wannan zato ya rusa? PKU daban take da galahanga, duk da cewa yaran da ba a yi wa magani ba sukan nuna wasu alamu masu kama da ita, amma ciwon da ke zuciyar uwa iri ɗaya ne.

Pearl ta mutu ranar 6 ga Maris, 1973, a jihar Vermont, tana da shekara 80. Janice, wadda ta yi karatun koya wa masu naƙasa ayyukan yau da kullum, ita ta ci gaba da kula da 'yar uwarta. Carol ta rayu a Vineland har 1992, ta mutu tana da shekara 72.

Abin da za mu ɗauka

Na farko, ki koyi karanta jikin ɗanki. Gumin tafin hannun Carol ne ya yi magana. Naki yaron wataƙila toshe kunne yake yi, ko kaɗa hannu, ko jijjiga jiki, ko cizon hannunsa, ko ya faɗi yana birgima. Yawancin masu galahanga ƙara da haske da wari da taɓi suna yi musu yawa fiye da yadda muke ji. Ƙarar janareto, lasifikar gidan biki, hayaƙin turaren wuta, ƙaiƙayin leshi ko shadda mai sitati, injin aski, duk suna iya zame masa azaba. Abin da kike kira taurin kai sau da yawa kukan neman agaji ne, kuma bulala ba ta ƙara masa komai sai tsoro.

Na biyu, ki zauna ki raba buƙatunki gida biyu. Akwai na dole, kamar lafiyarsa, cinsa, barcinsa, shan magani, da kare shi daga wuta da titi da rijiya. Akwai kuma waɗanda idan kin duba da kyau don idon mutane ne: sai ya durƙusa ya gai da baƙi, sai ya zauna a taron suna, sai ya sa kayan sallah irin na 'yan uwansa, sai ya ci abin da kowa ya ci. Ki riƙe na farko, ki sassauta na biyu. Idan riga ɗaya yake so, saya masa irinta uku. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, da gajeriyar magana, ki ba shi lokaci ya juya ta a kansa, kuma ki sanar da shi kafin a canza abin da ya saba. Sassauci ba sakaci ba ne, domin yaron da hankalinsa ya kwanta shi ne yake iya koyo. Ki fara da abin da zai amfane shi, kamar shiga bayi, wanke hannu, sa tufafi, da nuna abin da yake so ko da hoto ne ko ishara.

Na uku, kada ki ɗauka duk mai galahanga irin Carol ne. Lalurar hawa-hawa ce, wasu ba sa magana, wasu kuma suna da kaifin basira da hadda, suna karatu har jami'a, su yi aiki su yi aure. A azuzuwanmu na Islamiyya muna ganin yaron da ba ya iya zama a layi amma idan aka bar shi a gefe yana wasa da murfin kwalba sai ki ji ya riga kowa riƙe sura. Don haka kada ki rufe littafi tun ba ki buɗe ba, ki dai bi shi a kan saurinsa. Ki kai shi asibiti a gwada jinsa, a duba ko akwai farfaɗiya, domin takan zo tare da lalurar. Addu'a da ruƙya ta shari'a alheri ne, amma duk wanda zai ɗaure miki ɗa ko ya doke shi da sunan cire aljani, ki ɗauke ɗanki ki gudu.

Na huɗu, abin da Pearl ta gano bayan shekaru na kuka, mu yana cikin addininmu tun fil azal. Ƙarshen Suratul Baƙara ya koya mana cewa Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, to don me mu za mu ɗora wa 'ya'yanmu? Shari'a ta ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa bai cika ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa jin tsawa ko tuhuma daga gare shi ba kan abin da ya yi ko ya bari. Imam Muslim ya ruwaito labarin wata mata mai rauni a hankalinta da ta ce tana da buƙata, Manzon Allah (SAW) ya bar ta ta zaɓi hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama bayaninta. Kuma saboda makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum aka saukar da farkon Suratu Abasa.

Na biyar, ki yi tanadin bayan ranki tun yanzu, domin tambayar da ta hana Pearl barci tana jiran kowace uwa. Ki jawo maigida a jiki ya san ɗansa, kada ya zama baƙo a lamarin. Ki koya wa 'yan uwansa son sa ba tare da kin mai da babbar 'yarki baiwarsa ba. Ki sani cewa rabonsa na gado cikakke ne, lalura ba ta rage masa ko kobo, kuma farkon Suratun Nisa'i ya yi umarni a tsare wa masu rauni dukiyarsu, a ciyar da su a tufatar da su daga cikinta, a yi musu magana mai daɗi. Ku zauna da dangi a san amintaccen da zai zama waliyyinsa.

Daga ƙarshe, mu daina ɓoyo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara domin wayar da kai kan galahanga, kuma ƙasar Ƙatar ce ta kawo shawarar a 2007. Mu ma a ƙungiyarmu za mu iya ware zama a ta'alim domin iyayen waɗannan yara su san juna. Ke kuma da Allah Ya ba ki masu lafiya, idan kin ga yaro yana birgima a gidan biki, kada ki taɓe baki ki ce rashin tarbiyya ne. Ki matsa ki tambayi uwar me za ki taya ta da shi, ko ki riƙe mata jaririn da ke bayanta, ko ki nuna mata ɗakin da babu hayaniya.

Allah Ya ba iyayen waɗannan bayin nasa haƙuri da lada, Ya sanya su zama sanadin shigarmu Aljanna, Ya shirya mana zuriya baki ɗaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.